Sauya Wa Gaɓoɓin Manhaja Gurbi a Rumbun XML

Manhajar Hausa a ginin ta tamkar bishiya ce. Aji shi ne gangar jiki, daga nan rassa uku su fito, wato harshe da adabi da al'ada. Kowane reshe na ɗauke da batutuwa, kowane batu kuma da manufarsa, da ƙunshiyarsa, da ayyukan malami da na ɗalibi, da auna fahimta. Wannan ne ya sa tsarin XML, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar a 1998, ya dace da adana ta a kwamfuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa shi muke kira gaɓa.

Matsala takan taso ne idan tsari ya sauya. A 2008 aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC ta tsara, inda aka haɗe firamare da ƙaramar sakandare aka kasa su mataki uku. Irin wannan sauyi kan tilasta a ɗauke batu daga wani gurbi zuwa wani.

A nan ne ya kamata mai tsara manhaja ya yi hattara. Ƙa'idar sabunta bayanai ta XQuery, wadda aka tabbatar a 2011, ta tanadi sakawa da gogewa da musanyawa da sauya suna, amma ba ta da umarnin ƙaura. Don haka idan za a mayar da "Karin Magana" daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji biyu, sai an kwafe gaɓar da duk abin da ke ƙarƙashinta, an dasa a sabon gurbi, sannan a goge ta asali. Kwafin kuwa, a wajen rumbun, sabuwar gaɓa ce.

Ke nan duk wata tambayar jarrabawa da aka ɗaure da batun ta hanyar gurbinsa, misali "batu na huɗu a aji ɗaya", za ta koma nuna wani batu dabam, kuma na'ura ba za ta ce uffan ba. Malamin Hausa a makarantun barikin Shadawanka da ke Bauchi zai iya tarar da tambayar karin magana a jerin ɗaliban da ba a koya musu ita ba.

Maganin abin shi ne a ba kowane batu lambar shaida ta dindindin wadda ba ta ambaci aji ko zango ba, a riƙa ɗaure tambayoyi da ita. Haka kuma a adana kwafin tsohon tsari kafin a taɓa komai, domin ɗaliban da suka fara da shi sai sun kammala.