Sabar ko-ta-kwana: Abin da take iya cetowa ranar zaɓe da abin da ya fi ƙarfinta

Kowane rumbun bayanai na intanet yana zaune ne a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai tana adanawa. Idan ita kaɗai ce, ranar da wuta ta ɗauke mata ko faifanta ya lalace, aiki ya tsaya cik.

Shi ya sa injiniyoyi ke ajiye saba ta biyu a wani gini dabam, wadda ke kwafe duk abin da ya shiga ta farko. Akwai manhajar da ke tuntuɓar babbar a kai a kai. Da zarar ta ji shiru, sai ta miƙa ragama ga ta ko-ta-kwana.

Sai dai miƙa ragamar ma na da nasa haɗarin. A watan Oktoban 2018, sadarwa ta katse na daƙiƙa 43 a cibiyar kamfanin GitHub da ke gabashin Amurka, manhaja ta mayar da aiki yammacin ƙasar. Kowane ɓangare ya wayi gari da bayanan da ɗayan ba shi da su, aka shafe sama da awa 24 ana gyara.

Akwai kuma cutar da saba ta biyu ba ta magani. A ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV na hukumar INEC, alhali na 'yan majalisar tarayya na shiga. A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ɗora laifin kan kuskuren tsara manhaja: rumbun ya jera zaɓuka jiha-jiha, shi kuwa na shugaban ƙasa ba na wata jiha ba ne. Ta ce sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta shiga.

A irin wannan yanayi, ko saba goma aka jera, kuskure guda za su maimaita, domin kowacce kwafin ta farko ce.

Don haka kafin zaɓen 2027, sanin adadin sabobin INEC kaɗai ba zai wadatar ba. Ya kamata masu zaɓe su tambaya: an taɓa kashe babbar da gangan don a ga ko ta biyu za ta ɗauka? An gwada ɗora sakamakon kowane irin zaɓe, har da na shugaban ƙasa? Wa ya shaida gwajin, kuma ina rahotonsa?