Ko Kun Sani?

A ƙasar Niyu Zilan, 'yan yawon buɗe ido da yawa ba sa kama ɗakin otal. Mota suke haya mai ɗaki a cikinta, da gado da murhu da firiji, su yi ta zagaya ƙasar, inda dare ya yi musu nan ne masauki.

Amma ba a kwana ko'ina haka kawai. Dokar da aka kafa a 2011, aka kuma tsaurara a 2023, ta ce a mafi yawan filayen ƙananan hukumomi sai motar da ke da takardar shaidar cewa tana da kafaffen ban-ɗaki da tankin ruwa, kuma za ta iya riƙe ƙazantarta har kwana uku. Wanda ya karya, tarar dala 400 ta ƙasar na jiransa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi jan masu irin wannan mota ita ce ta garin Te Anau zuwa Milford Sound, kimanin kilomita 120, kuma babu gidan mai a tsakani. Tana ratsa ramin Homer mai tsawon kilomita 1.2, wanda aka fara haƙawa a cikin dutse a 1935. A bakin ramin motoci kan tsaya jiran fitilar ba da hannu, nan ne kuma wani aku mai suna kea yake sauka a kansu. Ɓarnarsa sai wanda ya gani: da baki yake yage robar gilashi da ta abin goge ruwa, direba na ciki yana kallo. Duka kuwa babu hali, domin doka ta ba shi kariya.