Injin niƙa

Injin niƙa na'ura ce da ake amfani da ita wajen mayar da hatsi gari, ko markaɗa abin da aka jiƙa ya koma ƙullu. A ƙasar Hausa ana niƙa gero da dawa da masara da alkama da busasshen rogo da shi, ana kuma markaɗa wake da waken suya da gyaɗa da shinkafar waina da kayan miya. Ƙaramin da ake yin jiƙaƙƙen aiki da shi akan kira shi injin markaɗe. A garuruwa da ƙauyuka irin na ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin Jihar Katsina, inda yawancin jama'a manoma ne, injin niƙa yana cikin na'urorin da tuwon gida ya dogara a kansu, kuma sana'a ce da maza da matan aure suke farawa da ɗan jari.

Tarihi

Kafin zuwan inji, da turmi da taɓarya da dutsen niƙa ake sarrafa hatsi. Mata ne ke sussuka, su sheƙe, su surfa, su wanke, sannan su daka ko su durƙusa a kan dutse su niƙa, su tankaɗe da rariya. Wannan aiki yakan cinye sa'o'i da dama a kowace rana, musamman a babban gida.

Injinan niƙa sun fara yaɗuwa a birane da garuruwan kasuwa a ƙarni na 20, daga baya suka shiga karkara. Injin da ya yi suna wajen jan su shi ne Lister, wanda Hausawa ke kira Lista. Kamfanin R. A. Lister, wanda aka kafa a garin Dursley na ƙasar Ingila a 1867, ya fito da samfurinsa mai amfani da man gas wajen shekarar 1930, mai tukunya ɗaya da manyan ƙafafun ƙarfe biyu, yana juyawa a hankali, kimanin sau 650 a minti. An daina ƙera shi a Ingila a 1987, amma masana'antun Indiya, musamman na birnin Rajkot, sun ci gaba da ƙera irinsa. Daga baya injinan ƙasar Sin masu araha da ƙananan injinan fetur suka cika kasuwa, abin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya mallakar inji a zaurensa.

An kuma yi ƙoƙarin samar da injin surfe. A shekarun 1970 an gwada wani samfuri a Maiduguri da tallafin cibiyar IDRC ta ƙasar Kanada, wanda yake goge dusar dawa da gero da duwatsu masu kaushi ba tare da an jiƙa hatsin ba. An ƙara inganta samfurin daga baya a ƙasar Botswana.

Yadda yake aiki

Kowane injin niƙa kashi biyu ne: kan da yake niƙan, da injin da yake jan sa. Bel ne yake haɗa su, yana zagaye da fuli biyu, ƙarami a jikin injin ja, babba a jikin kan niƙa. Bambancin girman fulin ne yake rage gudu ya ƙara ƙarfi. Misali, injin da yake juyawa sau 3,600 a minti da fuli mai faɗin inci 3, idan aka haɗa shi da fuli mai inci 18, kan niƙan zai juya sau 600 a minti. Idan gudun ya yi yawa, gari yakan yi zafi kuma ƙarfe ya yi saurin cinyewa. Idan ya yi kaɗan, aikin yakan yi nawa.

Ire-iren kan niƙa

Mai faifai. Shi ne ya fi yawa a unguwanni. Yana da faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa. Hatsi yana gangarowa daga kwanon da ke sama, wani ƙarfe mai murɗiya ya tura shi tsakanin faifan. Akwai abin murɗawa a gaba da ake matse faifan ko a sassauta su. In an sassauta sai a sami ɓarzajjen hatsi irin na tsaki ko dambu, in an matse a sami gari mai laushi. Sau da yawa sai an maimaita zubawa biyu ko uku kafin garin tuwo ya yi yadda ake so. Amfaninsa shi ne yana yin busasshen aiki da jiƙaƙƙe. Aibinsa kuwa haƙoran suna dakushewa, sai an riƙa kai faifan ana wasawa, a ƙarshe a sauya su.

Mai guduma. Wannan ba ya da faifai. Wasu ƙananan ƙarafa ne suke juyawa da gudun gaske, wajen sau 3,000 a minti, suna dukan hatsin har ya farfashe ya bi ta ramukan rariyar ƙarfe. Girman ramukan ne yake yanke laushin garin. Yana da sauri, ya dace da masara da busasshen rogo da abincin kaji, amma ba ya markaɗe, domin danshi yana toshe rariyar. Yana kuma buƙatar injin ja mai ƙarfi.

Na surfe da na casar shinkafa. Waɗannan ɓawo da dusa suke cirewa, ba gari suke yi ba. Injin casar shinkafar da ya fi yaɗuwa a ƙauyuka ya samo asali ne daga ƙirar Engelberg, wani ɗan ƙasar Burazil da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1880 domin shinkafa da 'ya'yan gahawa.

Na cikin gida. Akwai na hannu da ake ɗaurewa a jikin teburi ana murzawa, da kuma bilenda mai aiki da lantarki. Bilenda wuƙa ce take sara, saboda haka ta dace da tumatir da tattasai da jiƙaƙƙen wake kaɗan, ba busasshiyar masara ba. Wannan bambanci na faifai da wuƙa shi ne kuma ake dubawa a injinan niƙa gahawa: mai faifai yana ba da gari daidai wa daida, mai wuƙa kuwa yana haɗa mai laushi da mai tsakuwa.

Abin da yake jan inji

Injin fetur ƙarami, irin Honda GX160 da GX200 da kwaikwayonsu na ƙasar Sin, ana sayar da shi a matsayin mai ƙarfin doki 5.5 zuwa 6.5. Ba shi da nauyi, ba shi da tsadar saye, kuma kusan duk mai gyaran janareto ko injin ban ruwa ya san cikinsa. Ya wadatar ga markaɗe da niƙan unguwa, amma ba a yi shi domin ya yini yana jan babban kai ba.

Injin man gas, ko dai Lista ko na ƙasar Sin mai sanyaya kansa da ruwa irin S195 da ZS1115, yana ba da ƙarfi daga doki 6 har zuwa sama da 20 gwargwadon samfuri. Ya fi tsada da nauyi, yana buƙatar a dasa shi a kan daɓen siminti, amma ya fi jure doguwar yini, kuma ya fi tsimin mai a kan kowane buhu.

Motar lantarki ita ce mafi sauƙin kulawa, ba hayaƙi, ba yawan ƙara. Matsalarta wuta ce. Ƙarfin doki ɗaya ya kai kimanin wat 746, ke nan mota mai doki 3 tana jan sama da kilowat 2, kuma a lokacin tayarwa takan ja ninkin hakan sau da dama. Manyan motoci kuma sai da layi uku. Jihar Katsina tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Jigawa, amma ƙauyuka da yawa ba su da layin da za a dogara da shi. Ana iya jan mota da hasken rana, sai dai jarin farko yana da yawa.

Zaɓen inji na farko

Masu sana'ar sukan fara da tambayar abin da za a fi niƙawa. Unguwar da ke da masu ƙosai da awara da koko da waina, ƙaramin mai faifai na fetur ya ishe ta. Garin da ake kawo buhunan masara da rogo ranar kasuwa, mai guduma ko babban mai faifai na man gas ya fi dacewa da shi. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne sayen babban kai ya haɗa shi da ƙaramin inji, sai injin ya riƙa shaƙewa yana hayaƙi, ko kuma ya zuba dukan kuɗinsa a injin ja ya sayi kai mara inganci, alhali kan ne yake yin garin da mai kawo niƙa zai yi hukunci da shi.

Abu na biyu shi ne kayan gyara. Injin da ba a samun faifansa da boris da bel da fulogi sai an je Kano, ba zai yi wa mutumin Runka ko Wagini amfani ba ko da ya fi inganci, domin kwana uku a tsaye ya isa masu niƙa su koma wani wuri. Ya fi kyau a zaɓi samfurin da makanikan yankin suka saba da shi, wanda ake samun kayansa a Batsari ko Dutsin-Ma ko cikin Katsina.

Na uku shi ne lissafi. Kafin a sa farashin tiya, ana auna yawan tiyoyin da lita ɗaya take niƙawa, a ƙara kuɗin baƙin mai da wasa faifai da bel da ladan yaro, sannan a ware wani abu na ranar da inji zai lalace. Wanda bai ware ba, jarinsa yake ci yana zaton riba ce.

Idan na hannu za a saya, ana tayar da shi da sanyi a gaban mai saye, a zuba masa hatsi a ga yadda yake ɗaukar nauyi, a duba launin hayaƙi da yoyon mai, a girgiza sandar faifai a ji ko boris ya saki. Wajibi ne kuma a bincika abin da aka taɓa niƙawa da shi.

Lafiya da kariya

A 2010 an gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabciyar wannan yanki. Mutane suna niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje da irin injinan da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bazu a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. Kan da ya taɓa niƙa dutsen ma'adinai bai halatta ya koma niƙa abinci ba, domin wanki ba ya ba da tabbacin fitar da dalma.

Faifan da aka matse da yawa, ko aka bari suna gugar juna babu hatsi, suna zubar da ɓurɓushin ƙarfe a cikin gari. Shi ya sa bayan an wasa faifai ake fara wuce dusa ko ɗan hatsin da ba za a ci ba. Wasu sukan sa maganaɗisu a bakin fitar gari. Giris da baƙin mai ma bai kamata su kusanci hanyar abinci ba, kuma kan markaɗe yana buƙatar wanki kullum, don ragowar ƙullu tana tsami ta ɓata na mai zuwa. Hatsin da ya yi funfuna yana iya ɗaukar gubar afulatoksin, wadda niƙa da dafuwa ba sa kawar da ita.

Bel da ba a rufe ba yakan fizgi hijabi ko hannun riga, kuma yara ne aka fi aika kai niƙa. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa, don haka ana fitar da bututunsa waje. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana rage ji ga wanda yake yini a cikinta.

A Batsari da Safana

Ƙidayar 2006 ta nuna Batsari tana da mutane sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Dukansu suna cikin masarautar Katsina, suna kuma jingine da dajin Rugu da ya miƙa zuwa Zamfara. Ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da rogo, waɗanda kusan dukansu sai sun bi ta inji kafin su shiga tukunya.

Matsalar tsaro da ta addabi yankin ta shafi sana'ar kai tsaye. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ciki har da Batsari da Safana. An yi dokar ne don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, amma mai injin niƙa a ƙauye shi ma a jarka yake sayen nasa. Bayan haka, cire tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 a 2024. Kuɗin niƙa ya bi bayansa. Wannan ya sa a yau samuwar mai da farashinsa suna cikin abubuwan farko da mai shirin sayen inji a yankin yake aunawa, kuma turmi da taɓarya ba su bar tsakar gida ba, domin su ake komawa duk ranar da inji ya tsaya.