Mura biyu a akurki ɗaya: abin da ke cinye kajin matasa da hunturu

Daga Jama'a zuwa Samaru, ɗalibai da yawa na kiwon kaji a bayan gida don samun kuɗin littafi da na jarrabawa. Amma da hunturu ya kama, sai kaji su fara atishawa da minshari, ido ya kumbura, su daina cin abinci. Mai kiwo ya zuba magani a ruwa, su ɗan farfaɗo, bayan kwanaki kuma mutuwa ta dawo. Me ya sa?

Sau da yawa ba cuta ɗaya ba ce, biyu ne suka haɗu. A cikin maƙogwaron kaza akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu share ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa waje. Ƙwayar bairos, kamar ta cutar Niyukasil da ke yawaita da hunturu, ita ke fara lalata waɗannan gasu. Da ƙofa ta buɗe, sai bakteriya irin su maikoplasma da E. coli su wuce har cikin jakunkunan iska guda 9 da kaza ke numfashi da su, su cika su da ruwa da mugunya. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos. Shi ya sa sauƙin ba ya ɗorewa, kuma yawan zuba shi barkatai na sa bakteriya su daina jin magani.

Wani kuskuren shi ne rufe akurki ruf da leda saboda sanyi. Warin kashin kaji da ya taru yana ƙona hanyar numfashi kamar yadda bairos ke yi. Ku bar mashigar iska ta sama, ku canja dusar katako idan ta jiƙe.

Riga-kafi shi ne matakin farko. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana yin maganin riga-kafin Niyukasil, ciki har da Lasota da ake sakawa a ruwan sha. Kazar da kuka sayo a kasuwar Sabon Gari kuwa, ku ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Ku 'yan Zariya kun yi sa'a: Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, inda ake buɗe mushen kaza a gano abin da ya kashe ta. Ku kai da wuri, a cikin leda, kada ku taɓa da hannu tsirara.

In kuwa kaji na zubewa da yawa cikin dare ɗaya, ku sanar da likitan dabbobi nan take, kada ku yanka ku sayar. A Jaji, nan Jihar Kaduna, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a Fabrairun 2006, kuma tana iya kama mutum.