Nisan Gidan Kaso: Horon da Alƙali Bai Yanke Ba

Tsakanin Diffa da Yamai akwai fiye da kilomita 1,300. Wannan doguwar hanya aka bi da ɗaruruwan mutanen da aka kama bisa zargin alaƙa da Boko Haram bayan hare-haren Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015, domin kotun da ke da hurumin shari'ar ta'addanci a babban birni take. Aka rarraba su a gidajen kason Yamai, Kollo da Kutukale, da yawansu suka daɗe ba su ga alƙali ba.

Mai karatu ya sani, a ƙasashenmu kwanon gida ne ke riƙe da ɗan kaso. Tuwo, sabulu, magani, tufa, mafi yawa daga hannun iyali suke fitowa. To, ina matar da ke bakin Komadugu za ta samo kuɗin mota, da masauki a garin da ba ta san kowa ba, ba ta kuma jin Zabarmanci? Wa za ta bar wa yara? Sai ziyara ta koma saƙon baki, saƙon ma ya yanke. Yaro ya tashi bai san fuskar ubansa ba, alhali babu laifin da aka tuhume shi da shi. Suratul Insan ta ambaci wanda ke tsare a jere da miskini da maraya wajen ciyarwa. Nisa kan mayar da gida guda ya ƙunshi dukkan ukun.

A Disambar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni masu sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 59 ta nemi a ajiye fursuna kusa da gidansu gwargwadon iko. Mai sunan ya ɗanɗani abin: a farkon zamansa a tsibirin Robben, ziyara ɗaya ake ba shi cikin wata 6, kuma da mahaifiyarsa ta rasu a 1968 an hana shi halartar jana'izarta.

Hujjar hukuma ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce: ko Kutukale mai tsananin tsaro an kai mata hari a Oktoban 2016. Amma a ganina wannan hujja ba ta hau kan kowa ba, balle wanda ba a tabbatar da laifinsa ba. A Yulin 2018 alƙalai suka tashi daga Yamai suka je Diffa suka yi zaman shari'a, aka mayar da waɗansu daga cikin waɗanda ake tuhuma can domin a saurare su a jiharsu.