Yadda ake haɗa katin gaisuwa da kundin hotunan biki da hannu, yadda danshin Kudu ba zai ɓata su ba

Shekara uku ke nan da aka zare min waya a cunkoson kasuwa, ana saura kwana biyu Sallah. Wayar kam an sayi wata. Amma hotunan sunan ɗiyata ta biyu duk a ciki suke, har da wanda Innarmu ta ɗauka riƙe da jaririyar lokacin da ta zo mana daga Katsina. Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, wannan ta ce ta goge don wayarta ta cika, waccan ta ce ita ma ta canja waya. Bara Allah ya yi wa Inna rasuwa. Hoton nan guda ɗaya ya rage a duniya, shi ne wanda na wanke na liƙa a jikin wani ɗan kati na aika wa Goggona a Funtuwa, ita kuma ta adana shi a ƙasan akwatinta.

Tun daga nan na daina ɗaukar wannan aikin a matsayin wasan yara. Mu da muke zaune a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Ama Hausa ta Owerri, rabin danginmu suna Arewa. A yi suna a nan kaka ba ta gani ba, a yi aure a can mu ba mu samu zuwa ba. Kati da kundin hotuna abu ne da tsohuwa za ta riƙe a hannu ta juya, ba sai ta jira jika ya zo ya buɗe mata waya ba.

Kayan aikin ba su da yawa: farin kwali mai ɗan kauri, almakashi, reza, rula, fensir, gam, sai tsohon biro da tawadarsa ta ƙare. Idan za ku sayi kwali ku tambayi mai nauyin giram 200 zuwa 250. Takardar da ake fotokwafi da ita giram 70 ko 80 ce, ba ta iya tsayuwa da kanta. Mu a Ibadan Mokola na nan kusa da Sabo, cike da masu buga takardu, kuma sau da yawa sukan sayar da ragowar kwalin da suka yanke da araha. 'Yan Legas kuma sun san Mushin da Shomolu.

Kwalin A4 faɗinsa santimita 21 ne, tsawonsa 29.7. Idan aka ninka shi biyu zai ba da kati mai 14.8 da 21, kuma hoton da aka saba wankewa, mai inci 4 da 6, yana zama a kansa daidai har ya bar gefe na kwalliya. Idan kuwa aka raba kwalin biyu sannan aka ninka kowanne, za a samu ƙananan kati biyu masu 10.5 da 14.8. A nan ne mutane ke yin kuskure, domin hoton inci 4 da 6 ya ɗan fi wannan ƙaramin katin tsawo, sai an rage shi. Kafin a ninka, a ɗora rula a tsakiya a ja layi da mataccen biron nan, a ɗan danna. Kwalin zai bi layin ya kwanta sumul. In aka ninka da hannu kawai sai bayansa ya tsattsage, ya yi kamar an tauna.

Kwalliyar da ta fi burge ni ba ta kasuwa ba ce, ƙyallen ankon bikin ne. Duk wanda ya kai ɗinki ya ce wa tela ya ajiye masa ragowa. Bayan shekara goma, mace na ganin atamfar nan za ta ce, ai wannan ankon auren wance ne, tun kafin ta karanta rubutun. A goge ƙyallen da dutsen guga, a shafa masa gam kaɗan ta baya, a bar shi ya bushe, sannan a yanka. Haka bakinsa ba zai warware ba. Atamfa da shadda sun fi sauƙin liƙawa. Leshi mai duwatsu yana da kyau a ido amma yana kartar hoto idan aka rufe kundi, don haka ni a kati kaɗai nake sa shi. Kuma kowane irin ƙyalle ne, kada ya hau fuskar hoto, saboda wani yana zuba idan ya ji laima.

To, batun gam shi ne inda aka fi samun matsala. Farin gam irin su Top Bond da kafintoci ke aiki da shi yana riƙe ƙyalle da kyau, sai dai akwai ruwa a cikinsa. In aka zuba da yawa kwali zai kumbura ya lanƙwashe. A ɗiga kaɗan a baza shi da tsohon katin banki har ya zama kamar babu, a liƙa, a sa farar takarda a sama, a danne da wani abu mai nauyi ya kwana. Akwai wani abu da sai da na aika kati Arewa na gane shi. Katin da ya bar nan a miƙe, idan ya isa can lokacin hunturu sai ya nannaɗe kamar ganye, domin gefen da aka liƙa wa ƙyalle da gefen da ba komai ba sa bushewa daidai. Maganinsa a liƙa wata siririyar takarda ta ciki, daidai bayan inda ƙyallen yake, sai su ja juna. Salatif kuwa a rabu da shi. Bayan 'yan shekaru zai yi rawaya, ya saki, ya bar tabon da ba ya fita.

Hoto ni ba na sa masa gam ko kaɗan, musamman wanda ba shi da na biyu. Ina yanke kusurwar tsohuwar ambulan guda huɗu, kowacce ta zama ɗan aljihu mai kusurwa uku, in liƙa su a kwalin, in zura kusurwoyin hoton a ciki. Duk ranar da aka so a ciro shi a sake wankewa, sai a zare shi lafiya lau. Kuma a kai hoto wurin masu wanke hoto na gaske. Wanda aka fitar a ƙaramar firinta ta tawada, wani da ɗigon ruwa ya taɓa shi sai kalar ta gudu.

Abin da za a rubuta a kati ba ya buƙatar dogon Turanci. Barka da arziki, Allah ya raya. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ga mai saukar Alƙur'ani, Allah ya sanya albarka a karatu. Idan wadda za a aika wa ba ta yi boko ba amma tana karanta ajami, a nemi wanda ya iya ya rubuta mata, wallahi za ta fi jin daɗinsa a kan duk wata kwalliya. Shawarata dai kada a rubuta aya a kan katin da za a raba wa jama'a da yawa, don mun san inda katin gayyata yake ƙarewa bayan an tashi daga biki.

Shi kuma kundin, kowane shafi labarin abu ɗaya ne. A Amurka, inda wannan sana'ar ta yi ƙarfi, shafinsu inci 12 da 12 ne, wato kamar santimita 30 kowane gefe. A nan samun leda da bangon wannan girman wahala ne, gara a tsaya a A4, wanda kowane shagon kayan makaranta yana da fayil ɗinsa. Hoto biyu a kwance, ɗaya a saman ɗaya, suna cin santimita 20 da 'yan kai, a samu ragowar kusan 9 na rubutu da ƙyalle. Ya isa. A jera komai a kan kwalin tukuna, a matsa wannan a ɗaga wancan har ido ya gamsu, a yi alama da fensir, sannan a taɓa gam. A zaɓi hoto ɗaya ya zama babba a shafin. Na ga masu cusa hoto takwas a shafi guda duk an yanke su kamar zuciya, an datse hannun wannan an cire kafaɗar wancan. Ni dai ban ga kyansa ba, kuma gidan da ke bayan mutanen, da tabarmar, da tsohuwar ƙofar, wata rana su ne za a fi son gani.

Rubutun da ke ƙarƙashin hoto ya fi kwalliyar muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa kasala. Mu Hausawa muna da alkunya. An sa wa yaro sunan kakansa, kowa Abba yake ce masa ko Khalifa, yarinya kuma Ummi ko Walida, har ta girma wasu 'yan gidan ba su san sunanta na yanka ba. Don haka a rubuta duka biyun. A rubuta dangantaka dalla-dalla: ƙanwar kakarki ta wajen uwa, tana aure a Malumfashi. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, wasu Yarbanci ya fi zama a bakinsu, gida kuwa sai shekara-shekara, in ma an je. Ɗana na fari ya taɓa nuna hoton yayan babansa ya tambaye ni wane ne wannan mutumin. A sa kwanan wata iri biyu, misali ƙaramar Sallar 2024 ta kama 10 ga Afrilu, daidai da 1 ga Shawwal 1445, domin tsofaffinmu da watan Musulunci suke lissafi. A yi rubutun a jikin kwali da biro na yau da kullum, ba a bayan hoto ba, saboda in aka danna yana fitowa ta gaba.

Ba hoto kaɗai ake sakawa ba. Katin ɗaurin aure, ɗan abin hannun da asibiti ke ɗaura wa jariri, tikitin motar da aka shiga zuwa bikin, duk suna da wuri. Sai dai a kula da takardar sikanin ciki da irin rasit ɗin da na'ura ke fitarwa. Da zafi ake rubutu a kansu, shi ya sa in aka kai su lamineshan sai su fito baƙi ƙirin. Wata maƙwabciyata ta yi asarar nata haka. A yi fotokwafinsu a liƙa, na asalin a sa a ambulan. Takardar jarida ma haka, tana yin ja da kanta kuma tana shafa wa abin da ta jingina da shi.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa: kundi abu ne da ake miƙa wa baƙo. Hotunan kamu da na lalle, inda mata suke a sake ba mayafi, a tambayi masu su kafin a liƙa, ko a ware musu kundi daban. Na ga inda wannan ya haɗa mace da mijinta faɗa, kuma mai kundin ba da mugun nufi ta yi ba.

Ajiya a Kudu daban take da ta gida. Damina a nan tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta tafiya sai Oktoba. Kundin da aka bari a ƙasan gado ko a jikin bango, fumfuna za ta kama shi, hotuna su manne da ledar, in aka ɓamɓaro sai fuskar mutum ta biyo ledar. A tabbata gam ya bushe sarai, kwana biyu ma ba laifi, kafin a zura shafi a leda. A ajiye kundin a tsaye a saman kabad, cikin roba mai murfi, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. In iskar hunturu ta leƙo a Disamba, a fito da shi a buɗe shafi-shafi a inuwa ya sha iska, kada a shanya a rana.

In za a aika Arewa ta hannun direba ko ɗan'uwa mai tafiya, a sa katin tsakanin kwalin katan guda biyu, a ɗaure da roba, a sa a leda biyu, a rubuta suna da lambar wayar mai karɓa a waje. Kowa ya san saƙo tare da buhun goro da jarkar manja yake tafiya. Kuma a wanke kowane muhimmin hoto guda biyu, ɗaya ya zauna a nan, ɗaya ya tafi gida. Na Inna da Goggo ta dawo min da shi na sa an sake wanke guda biyar, na raba wa 'yan ɗakinmu, na asalin kuma na mayar mata, don ta ce aro ta ba ni.