Shin Ko Kun San? Tikitin Jimla na Jirgin Ƙasa a Turai da Japan

Shin ko kun san da tikiti guda ɗaya mutum zai iya hawa jiragen ƙasa a ƙasashe 33 na Turai? Sunansa Eurail, an fara sayar da shi tun 1959, kuma baƙi aka yi wa shi. Mazauna Turai nasu Interrail ne, wanda ya fito a 1972. Saboda haka ɗalibinmu da ke da takardar zama a Jamus Interrail zai saya, ɗan uwansa da ya zo masa ziyara daga Kano kuwa Eurail.

Ko kun san kwana ake saya da wannan tikiti? Ranar tafiya tana farawa ƙarfe 12 na dare ta ƙare 12 na dare, kuma ko jirgi goma ka hau a cikinta, rana ɗaya ce. Akwai tikitin da kwanakinsa ke tafiya a jere, akwai kuma na zaɓi, misali kwana 7 cikin wata guda. Nan ne riba da asara suke. Lissafin irin na ɗan sari ne: raba kuɗin tikitin da yawan kwanakinsa, ka ga nawa kowace rana ta kama. Duk tafiyar da tikitinta na yau da kullum bai kai wannan kuɗin ba, biya ta daga aljihu. Ƙona rana guda a kan tafiyar rabin awa ɓarna ce tsagwaronta, kuma baƙi da dama na yin ta.

Jirgin dare ma yana da nasa sauƙin. In ka tashi daga Ostiriya da daddare ka wayi gari a birnin Rum, ranar tashi kawai za a ƙirga maka, muddin ba ka sauya jirgi bayan tsakar dare ba. Gadon kwana dai da kuɗinsa daban.

Abin da ya fi kama mutane shi ne kujera. A Faransa da Italiya da Sifaniya, jirage masu gudun tsiya ba a hawansu sai an kama kujera tukuna. Ta jirgin TGV a cikin Faransa tana cin yuro 10 zuwa 20, ta Eurostar mai zuwa Landan kuwa yuro 30 ko fiye, kuma kujerun da ake ware wa masu tikitin jimla kan ƙare da wuri. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan, yawanci shiga kawai za ka yi ka zauna. A ganina can ne tikitin ya fi biyan kuɗinsa.

Masu shekara 12 zuwa 27 da 'yan 60 zuwa sama suna da rangwame, babba kuma na iya tafiya da yara biyu 'yan shekara 4 zuwa 11 kyauta.

Ko kun san a Oktoban 2023 tikitin jimla na Japan na kwana 7 ya tashi daga yen 29,650 zuwa 50,000? Zuwa da dawowa tsakanin Tokyo da Kyoto kusan yen 28,000 ne, don haka mai wannan tafiyar kaɗai gara ya sayi tikitinsa ɗai-ɗai.

A kula, tikitin jirgi ba biza ba ne. Birtaniya tana cikin ƙasashen Eurail amma ba ta cikin yankin Schengen, don haka mai fasfon Nijeriya ko Nijar ya nemi bizarta daban kafin ya kama kujerar Landan.